Abraham de Moivre: ɗan gudun hijirar da ya gano tsari a cikin sa'a

Duk wanda ya zauna ajin ƙarshe na lise a ɓangaren kimiyya, ya yi fama da lissafi kafin jarrabawar BAC, ya taɓa ganin sunan Moivre a kan allo. Akwai ƙa'idar lissafi mai ɗauke da sunansa da ɗalibai ke haddacewa. Amma kaɗan ne suka san cewa mai wannan suna ɗan gudun hijira ne, wanda ya bar Faransa yana ɗan shekara ashirin saboda addininsa, ya yi kusan shekara saba'in a Landan, kuma har ya mutu babu jami'ar da ta ba shi kujerar koyarwa. Da kuɗin darasin gida-gida ya rayu, da ladan amsa tambayoyin masu caca da masu harkar inshora. Daga cikin wannan aiki da manyan malamai ke yi wa kallon raini ya fitar da ginshiƙan ilimin da ake kira lissafin yiwuwa, wato ilimin auna abin da ba a da tabbas a kansa.

Yarinta a ƙasar da ta juya masa baya

An haife shi ranar 26 ga Mayu, 1667, a garin Vitry-le-François da ke yankin Champagne. Mahaifinsa Daniel likitan fiɗa ne. Iyalin mabiya ɗarikar Furotesta ne a ƙasar da sarki da mafi yawan jama'a ƴan Katolika ne. Tun 1598 akwai dokar Nantes da ta ba ƴan Furotesta damar yin ibadarsu, amma a zamanin Sarki Louis na 14 sai aka riƙa zaftare wannan dama kaɗan-kaɗan.

Yaron ya ga haka da idonsa. Yana ɗan shekara 11 aka kai shi makarantar ƴan Furotesta da ke Sedan, inda ya koyi Girkanci. A 1681 hukuma ta rufe makarantar. Ya koma Saumur ya yi shekara biyu yana karatun manɗiƙi, kuma a wannan lokaci ne ya karanta wani ɗan ƙaramin littafi na masanin Holan Christiaan Huygens, wanda ya fito a 1657, a kan lissafin wasannin sa'a. A 1684 ya tafi Paris, ya ɗauki darasin lissafi a hannun Jacques Ozanam.

A watan Oktoban 1685 sarki ya soke dokar Nantes. Aka rusa majami'un Furotesta, aka kori limamansu, aka kuma hana sauran mabiya fita daga ƙasar. An tsare Moivre na wani lokaci a wani gidan ibada na Katolika a Paris da nufin ya sauya aƙida.  A 1687 sai ga shi a Landan tare da ƙanensa Daniel. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutum kusan 200,000 ne suka tsere daga Faransa a wannan guguwa, dubbai masu yawa daga cikinsu zuwa Ingila. Kalmar da Ingilishi ke kiran ɗan gudun hijira da ita a yau, daga Faransanci ta shigo a kan waɗannan mutane. A Ingila ne ya ƙara harafin de a gaban sunansa. Bai sake komawa zama a Faransa ba.

Malamin da ke karatu a kan hanya

A Landan ya kama sana'ar da ta samu: koyar da ƴaƴan masu hali lissafi a gidajensu. Daga wannan gida zuwa wancan, a ƙafa, daga safe har yamma. Matthew Maty, abokinsa da ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin cewa wata rana a gidan wani basarake ya ci karo da sabon littafin Isaac Newton, Principia, wanda ya fito a 1687. Ya buɗe yana zaton zai wuce shi cikin sauƙi, sai ya tarar abin ya fi ƙarfin saninsa. Ya sayi nasa kwafi, ya yayyage shafukan, ya riƙa zuba kaɗan a aljihu yana karantawa a kan hanya tsakanin darasi da darasi, har ya ƙware.

Wannan naci ya kai shi ga manya. Ya saba da masanin taurari Edmond Halley, wanda a 1695 ya gabatar da takardarsa ta farko a gaban Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. A 1697 aka zaɓe shi mamba. Ya zama aminin Newton, har ana ruwaito cewa a tsufansa Newton kan tura masu tambayar lissafi wajen Moivre, don a ganinsa ya fi shi riƙe waɗannan abubuwa. A 1712 ma an sa shi cikin kwamitin da ya duba rikicin Newton da Leibniz kan wanda ya fara gano lissafin kalkulas.

Duk da wannan suna, aikin jami'a ya gagara. A Ingila baƙo ne, Bafaranshe, a lokacin da ƙasashen biyu ke yawan gwabza yaƙi. Ya nemi taimakon Johann Bernoulli da Leibniz ko zai samu gurbi a wata jami'a a nahiyar Turai, nan ma ba a dace ba. Sai ya mai da wani gidan shan kofi mai suna Slaughter's, a titin St Martin's Lane, tamkar ofishinsa. Nan masu wasan karta da masu saye da sayar da kwangilar kuɗi ke iske shi da tambayoyinsu, su biya, ya lissafa musu.

Yadda ake auna sa'a

Ba shi ya fara wannan ilimi ba. Blaise Pascal da Pierre de Fermat sun yi musayar wasiƙu a kai a 1654, littafin Jacob Bernoulli kuma ya fito a 1713. Moivre ya fitar da nasa aikin farko da Latin a 1711, abin da ya jawo masa saɓani da Bafaranshe Pierre Rémond de Montmort, wanda ya riga shi wallafa littafi a 1708 kuma yake ganin an taka masa sawu. Daga baya sun daidaita. A 1718 ya wallafa The Doctrine of Chances da Ingilishi, ya sadaukar da shi ga Newton. Littafin ya zama abin karatun fannin na shekaru masu yawa, saboda ya jera ƙa'idojin dalla-dalla yadda mai karatu zai bi.

Ƙa'idar farko mai sauƙi ce. Ka ƙirga hanyoyin da abin da kake so zai iya faruwa, ka raba da dukan hanyoyin da ke akwai, muddin babu wadda ta fi wata damar fitowa. Ɗan ludo fuska shida gare shi, don haka yiwuwar samun shida ita ce 1 cikin 6.

Inda aikin yake shi ne idan abubuwa biyu suka haɗu. Moivre ya bambanta abubuwan da ba ruwan ɗaya da ɗaya, da waɗanda faruwar na farko ke sauya damar na biyu, kuma da karta ya yi misali. A ce ga tsibi biyu, kowanne da karta 13 iri ɗaya, daga mai lamba ɗaya zuwa sarki. Kana son zaro mai lamba ɗaya daga tsibin farko, ka sake zaro irinta daga na biyu. Abin da ya faru a tsibin farko bai taɓa na biyu ba, saboda haka sai ka ninka 1 cikin 13 da 1 cikin 13, ka samu 1 cikin 169.

To, a ce tsibi ɗaya ne, kana son zaro mai lamba ɗaya da farko, sannan mai lamba biyu. Zaran farko 1 cikin 13 ne. Amma da zarar ta fita, karta 12 suka rage, don haka zara na biyu 1 cikin 12 ne. Idan ka ninka, 1 cikin 156 ke nan. Wannan 1 cikin 12 shi ne abin da a yau ake kira yiwuwa mai sharaɗi: damar faruwar abu idan an riga an san wani abu ya faru. Ma'ana, sabon labari yana sauya lissafi. Likitan da ya ga sakamakon gwajin jini, da manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas, duk suna sabunta hasashensu ne bisa abin da suka riga suka gani.

Akasin haka ma darasi ne. Kwabon da aka jefa ya faɗi a fuska sau biyar a jere ba ya tuna komai. Jifa na shida rabi da rabi ne kamar na farko. Mai caca da ke cewa ya sha faɗuwa, yanzu lokacin cinsa ya yi, ya ɗauki abubuwan da ba ruwansu da juna ne ya ɗaure su da igiya ɗaya. Moivre ya kuma yi aiki a kan tambayar wanda zai fara tsiyacewa idan mutum biyu suka ci gaba da wasa. Ko da wasan babu maguɗi, idan ɗaya na da dala 10 ɗayan na da dala 90, suna zuba dala ɗaya-ɗaya har wani ya ƙare, damar mai dala 10 ya tashi hannu rabbana ita ce 90 cikin 100. Balle a wasan da tun farko an tsara shi don mai gidan caca ya ci riba.

Farashin shekarun mutum

Wata tambayar da ake kawo masa ta fi karta nauyi. A Ingila ta wancan zamani mutum kan biya dunƙulallen kuɗi sau ɗaya, a riƙa ba shi wani adadi kowace shekara har ranar mutuwarsa. Nawa ya kamata a sayar da irin wannan kwangila? Idan mai saye ya daɗe, mai sayarwa ya yi asara. Idan ya mutu da wuri, iyalinsa ne da asara. Gwamnati kanta ta taɓa sayar da irin wannan a farashi ɗaya, ba tare da duba shekarun mai saye ba.

A 1693 Halley ya wallafa jadawalin haihuwa da mutuwa na birnin Breslau, wanda a yau ake kira Wrocław a ƙasar Poland. Jadawalin na da amfani, amma aiki da shi da alƙalami da takarda wahala ne. A littafinsa na 1725, Annuities upon Lives, Moivre ya kawo gajeriyar hanya. Ya ɗauka cewa iyakar rayuwa shekara 86 ce, kuma a cikin kowane rukuni na manya adadin masu mutuwa daidai yake kowace shekara. Da wannan, mai shekara 30 saura masa 56 zuwa iyakar, mai shekara 60 kuma saura 26. Don haka damar mai shekara 30 ya kai 60 ita ce 26 cikin 56, wajen kashi 46 cikin 100. Mai shekara 50 kuwa, damarsa ta kai 60 ita ce 26 cikin 36, wajen kashi 72. Tambaya ɗaya ce, amsa biyu, domin sharaɗin ya bambanta: na biyun ya riga ya tsallake shekara ashirin da na farkon bai tsallake ba.

Ya san wannan kusantarwa ce kawai, kuma lissafin bai san ranar kowa ba. Abin da yake faɗa shi ne yadda taron mutane dubu zai kasance. A kan irin wannan tunani aka gina inshorar rai da asusun fansho. Littafin ya yi kasuwa, har ya jawo masa wani saɓanin da Thomas Simpson, masaƙin da ya koyar da kansa lissafi, wanda ya fitar da littafi mai rahusa a kan batun a 1742. Moivre ya ga ana neman taɓa masa abinci, ya kuma yi ƙorafi a bugun littafinsa na gaba.

Zanen ƙararrawa

Babban aikinsa ya zo yana da shekara 66. Ka jefa kwabo sau huɗu, ka ƙirga sau nawa ya faɗi a fuska. Kafin ka jefa ba ka san adadin ba, zai iya zama 0, 1, 2, 3 ko 4. Irin wannan adadi da sa'a ke yanke shi, masana ke kira adadi mai sauyawa. Amma ba duka ne ke da dama ɗaya ba. Hanyoyi 16 ne jifa huɗu za su iya faɗuwa. A cikinsu hanya 1 ce ke ba da babu fuska ko ɗaya, 4 ke ba da fuska ɗaya, 6 ke ba da biyu, 4 ke ba da uku, 1 ke ba da huɗu. Wannan jeri na 1, 4, 6, 4, 1 shi ne rabon yiwuwar, yana nuna yadda damar ta kasu a kan kowane sakamako. Tsakiya ta tara, gefe da gefe sun ƙanƙance.

Jifa huɗu ana ƙirgawa da yatsu. Jifa dubu fa? Hanyoyin sun wuce abin da mutum zai rubuta a rayuwarsa. Bernoulli ya riga ya tabbatar cewa idan jifa ya yi yawa, rabon fuska zai matso kusa da rabi. Moivre ya so sanin kusa nawa. Ya shafe shekaru yana neman hanyar kusantar manyan lambobi, ya wallafa wani ɓangare a Miscellanea Analytica a 1730, kuma ɗan Scotland James Stirling ya cike masa wani gurbi da ya rage a ƙa'idar. Ranar 12 ga Nuwamba, 1733, ya buga wata ƴar takarda da Latin, ya raba wa abokai kaɗan. A 1738 ya fassara ta zuwa Ingilishi ya sa a bugu na biyu na The Doctrine of Chances.

Abin da ya gano shi ne, idan jifa ya yi yawa, rabon yiwuwar yana ɗaukar siffa guda wadda ake iya lissafawa, mai tudu a tsakiya da gangara iri ɗaya hagu da dama, kamar ƙararrawar da aka kife. Faɗin ƙararrawar kuma yana tafiya ne da saiwar adadin jifa, wato lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Ya yi misali da jifa 3,600. Saiwar 3,600 ita ce 60, rabinta 30. Tsakiya 1,800 ce. Damar adadin fuska ya faɗa tsakanin 1,770 da 1,830 ta kai wajen kashi 68 cikin 100. Idan aka ninka tazarar, daga 1,740 zuwa 1,860, damar ta kai wajen kashi 95.

A lura da abu biyu. Samun rabi cif abu ne mai wuya: a jifa 100, damar samun fuska 50 daidai ba ta wuce kashi 8 cikin 100 ba. Amma yin nisa da rabi ya fi wuya. Na biyu, tun da saiwa ce ke mulki, wanda ke son rage kuskurensa da rabi sai ya ninka gwajinsa sau huɗu. Shi ya sa ƙuri'ar jin ra'ayi da aka tambayi mutum 1,000 da aka zaɓo bisa sa'a kan zo da kuskuren wajen maki 3 sama ko ƙasa, kuma sai an tambayi 4,000 kafin ya sauko zuwa maki ɗaya da rabi. Da irin wannan awo ake gwada sabon magani, ake duba ingancin kaya a masana'anta, ake ƙiyasta amfanin gona daga ƴan gonaki kaɗan.

Moivre mutum ne mai riƙo da addini. A ganinsa, wannan daidaito da ke bayyana idan abubuwa suka yawaita alama ce ta tsarin Mahalicci, kuma sa'a ba ta iya rushe shi sai dai ta ɗan girgiza shi na ɗan lokaci.

Ƙarshen rayuwa da abin da ya bari

Bai yi aure ba. Bayan lissafi yana son adabin Faransa, musamman Molière da Rabelais. A 1735 cibiyar kimiyya ta Berlin ta zaɓe shi mamba. A tsufa ganinsa da jinsa suka raunana, barci ya yawaita. Akwai labarin da ake yawan yaɗawa cewa ya lura barcinsa na ƙaruwa da ƴan mintoci kullum, har ya lissafa ranar da ba zai farka ba. Masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin ƙarin gishiri da ya zo daga baya. Haka ma zancen cewa ya mutu ba ko sisi: binciken baya-bayan nan ya nuna ya bar ɗan abin hannu ga danginsa, ko da yake bai taɓa samun albashi tsayayye ba.

A 1754 cibiyar kimiyya ta Paris ta zaɓe shi mamba, amma a rukunin ƴan ƙasashen waje. Ƙasar da ta haife shi ta karrama shi a matsayin baƙo, bayan ƙasar da ya zauna ta rayu da shi a matsayin baƙo. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 27 ga Nuwamba, 1754, ya mutu a Landan yana da shekara 87. An binne shi a majami'ar St Martin-in-the-Fields, kusa da gidan kofin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki. Bugu na uku na The Doctrine of Chances ya fito a 1756.

Wasu suka ɗora daga inda ya tsaya. Takardar Thomas Bayes, wadda aka wallafa a 1763 bayan mutuwar marubucinta, ta juya tambayar yiwuwa mai sharaɗi: daga sakamakon da aka gani, yaya za a koma ga sanadinsa? Pierre-Simon Laplace ya faɗaɗa sakamakon 1733, shi ya sa littattafai ke haɗa sunayensu biyu a kan ƙa'idar. Carl Friedrich Gauss ya yi amfani da zanen ƙararrawa wajen auna kuskuren masu duban taurari a 1809, kuma sunansa ne ya manne wa zanen a bakin yawancin ɗalibai, ko da yake Moivre ya riga shi da fiye da shekara saba'in.